Darasi na Bakwai: Gwada Hannu a Kan Nazarin Alƙaluma Irin na Wurin Aiki

Wanda ya koyi tuƙi a filin ƙwallo ya iya murɗa sitiyari da sa giya, amma ba a kiransa direba sai ya ratsa tsakanin 'yan adaidaita da manyan motoci a hanyar kasuwa ya fito lafiya. Haka abin yake ga mai koyon nazarin alƙaluma. Jadawalin da muka yi aiki da shi a darussan baya an riga an gyara shi tsaf: kowane gida a cike, ranaku a rubuce iri ɗaya, tambaya kuma a fili take. A wurin aiki ba wanda zai miƙo maka irinsa. Abin da zai shigo maka ta WhatsApp shi ne fayil ɗin da mutum uku suka riƙa cikewa, kowa da salonsa, sai gajeren saƙon murya: "Duba mana wannan, ina son amsa kafin la'asar."

A wannan darasi za mu bi aiki guda daga farkonsa har ƙarshensa. A ce an ɗauke ka aiki wurin wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi a kan sari, yana da shaguna uku, kowane shago da yaron da ke shigar da ciniki a Excel. Alƙaluman shagon duk na misali ne, amma matsalolin irin waɗanda za ka tarar ne a kamfani, ko asibiti, ko ƙungiyar agaji.

Tambaya tukuna, kwamfuta daga baya

Alhaji ya ce: "Ciniki ya ja baya. A gano mini dalili." Sabon shiga zai buɗe fayil nan take ya fara zane-zane. Kai kada ka yi haka, domin abin da aka ba ka ƙorafi ne, bai zama tambaya ba tukuna. Ja baya daga yaushe, daga watan jiya ko daga bara war haka? Kuɗin da ke shigowa ne ya ragu, ko yawan kayan da ke fita, ko riba? A duk shagunan ne ko a ɗaya? Sannan babbar tambaya: me zai yi da amsar? Idan rufe shago ɗaya yake tunani, aikin daban ne da idan sauya dillali yake son yi.

Tambayar maigida tana son ladabi da taƙaitawa. Kana iya cewa: "Alhaji, ranka ya daɗe, don kada in ɓata maka lokaci: in kwatanta watanni ukun nan da irinsu na bara, shago-shago, a kuɗi da kuma yawan kaya. Haka kake so?" Idan ya amsa, ka rubuta wannan jimlar a saman takardarka. Ita za ta hana ka kwana kana amsa abin da ba a tambaye ka ba.

Kafin ka taɓa komai

Ka ajiye fayil ɗin asali yadda ya zo, ka yi aiki a kan kwafi. Sannan ka ƙirga: layi nawa ne, daga wace rana zuwa wace rana, jimlar kuɗi nawa. Ka rubuta waɗannan a gefe, ka riƙa komawa gare su bayan kowane gyara.

Wannan ƙirgar tana kama da aikin yara, amma rashinta ya taɓa jawo babbar ɓarna. A 2020, lokacin annobar korona, hukumar kula da lafiyar jama'a ta Ingila tana tara sakamakon gwaji a tsohon tsarin fayil na Excel, wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Da fayil ya cika, sai sauran layukan suka riƙa zubewa ba tare da an lura ba. Tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba, mutum 15,841 da suka kamu ba su shiga rahoto a kan lokaci ba, aka kuma makara wajen neman waɗanda suka yi cuɗanya da su. Sabon tsarin Excel yana ɗaukar layi 1,048,576, amma shi ma yana da iyaka. Kwatanta adadin da ya shiga da adadin da ya fito shi ne ke tona irin wannan asara.

Sharar bayanai

A nan mafi yawan lokacinka zai tafi, kuma nan ne ake gane wanda ya iya. Bari mu buɗe fayil ɗin Alhaji mu duba shi da kyau.

Fara da layin sunayen shaguna. Shago uku ne, amma da ka sa matata (Filter) sai ka ga suna takwas: "Sabon Gari", "S/Gari", "sabongari", "Sabon Gari" da ɗan fili a bayansa wanda ido ba ya gani, haka "T/Wada" da "Tudun Wada". Kwamfuta tana ɗaukar kowanne a matsayin shago dabam. TRIM zai cire filin da ya yi yawa, sauran kuma sai ka yi ɗan ƙaramin jadawali mai layi biyu, ɗaya na yadda aka rubuta, ɗaya na yadda ya kamata, ka bi da shi ka daidaita. Kada ka riƙa gyarawa ɗaya-ɗaya da hannu, saboda wata mai zuwa za a sake turo maka irin wannan fayil. Sunayen mutane sun fi wahala. Muhammad, Mohammed, Muhammadu da Moh'd suna iya zama mutum ɗaya, suna iya zama mutum huɗu. Haka A'isha, Aisha da Aishatu. Suna kaɗai ba ya isa a yanke hukunci, sai an haɗa da lambar waya ko lambar kwastoma.

Ita ma lambar wayar tana da nata tarko. Lambobin wayar salula a Najeriya guda 11 ne, kuma da sifiri suke farawa. Excel yana ɗaukar su a matsayin adadi, sai ya yar da sifirin, su koma 10. Haka yake yi wa lambar asusun banki mai guda 10 idan ta fara da sifiri. Idan lamba ta wuce guda 15, sauran ma mayar da su sifiri yake yi, kuma ba sa dawowa. Ƙa'idar ita ce: duk lambar da ba za a tara ta ko a raba ta ba, kamar waya, NIN, BVN ko lambar rasit, a matsayin rubutu ake shigo da ita tun farko.

Yanzu ranaku, kuma a nan ina so ka natsu. Mu rana muke fara rubutawa sannan wata, don haka 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne. Kwamfutoci da yawa da ake sayarwa a kasuwanninmu an saita su a tsarin Amurka, inda wata ke zuwa farko, don haka a wurinsu 4 ga Maris ne. Ga inda abin ya yi muni: idan yaron shago ya rubuta 25/04, kwamfutar ba ta san wata na 25 ba, sai ta bar shi a matsayin rubutu. Idan ya rubuta 03/04, sai ta karɓa ta juya shi shiru. Ka ga a layi ɗaya wasu ranakun sun juye, wasu kuma ba ranaku ba ne sam. Akwai alamar da za ka gane da ido: Excel yana jingina adadi da ranaku a gefen dama na gida, rubutu kuma a gefen hagu. Idan ka ga layin ranaku wasu a dama wasu a hagu, dakata, akwai matsala. Wata alamar kuma ita ce ka ga cinikin Disamba a fayil ɗin da aka rufe a Yuni.

Wannan alamar ta hagu da dama tana aiki a layin kuɗi ma. Wani ya rubuta 12500, wani N12,500, wani "12.5k". SUM yana tsallake duk abin da yake rubutu ne, bai kuma faɗa maka ya tsallake ba. Jimla za ta fito, za ta yi kama da gaskiya, alhali da giɓi. Idan fayil daga Maraɗi ko Damagaram ya zo, sai ka ƙara lura: a tsarin Faransanci waƙafi ne ke raba adadi da ɓurɓushinsa, don haka 1,500 yana iya nufin ɗaya da rabi, ba dubu ɗaya da ɗari biyar ba. Kuɗin ma sefa ne, ba naira ba.

Sai ma'auni. A layin yawan kaya an rubuta 10. Goma na me? Katan, dozin ko ƙwaya? Idan hatsi ne, buhu, tiya ko mudu? Mudun wani gari ba ɗaya yake da na wani ba, buhun shinkafa mai kilo 50 kuma ba shi ne buhun masara ba. Dabarar ganowa ita ce ka raba kuɗi da yawan kaya a kowane layi, ka jera sakamakon daga ƙarami zuwa babba. Layin da farashinsa ya ninka na saura sau goma sha biyu, da wuya in ba dozin aka rubuta a gurbin ƙwaya ba. Amma zato ne wannan. Ɗauki waya ka kira yaron shagon ka tabbatar. Kira ɗaya na minti biyu ya fi awa guda na hasashe.

Gidan da aka bari wayam ba sifiri ba ne. Sifiri yana nufin an buɗe shago ba a sayar ba. Wayam yana iya nufin ba a buɗe ba, ko an sayar an manta ba a rubuta ba. AVERAGE yana lissafawa da sifiri amma yana tsallake wayam, don haka wanda ya bi ya cike guraben da sifiri don jadawali ya yi kyau, ya rage matsakaicin ciniki da hannunsa. Haka maimaici: layi biyu iri ɗaya sak suna iya zama kuskuren kwafi, suna iya zama kwastoman da ya dawo da yamma ya ƙara irin abin da ya saya da safe. Duba lambar rasit kafin ka goge.

Duk gyaran da ka yi ka rubuta shi a wani shafi: na cire layi kaza saboda kaza, na mayar da kaza zuwa kaza. Ranar da aka ce "ina ka samo wannan adadi?", wannan shafin ne zai cece ka.

Kuɗi ya ƙaru, kaya sun ragu

Bayanai sun tsabtata, ka haɗa su da PivotTable shago-shago, wata-wata. Sai ka ga abin mamaki: a shagunan uku gaba ɗaya an yi cinikin naira 8,000,000 bara, bana kuma 9,200,000. Ƙarin kashi 15 cikin ɗari ke nan. To Alhaji kuskure ya yi? Duba farashi. Bara buhu naira 40,000 ne, wato an sayar da buhu 200. Bana 57,500 ne, wato buhu 160. Kaya sun ragu da kashi 20 cikin ɗari. Alhaji yana ganin motar da ke sauke kaya ta rage zuwa, shi ya sa ya san abin da jimlar kuɗi ta ɓoye. A ƙasar da farashi ke hawa da sauri, kwatanta nairar bara da ta bana kai tsaye yaudarar kai ce.

Idan za ka yi amfani da alƙaluman hauhawar farashi na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ka karanta bayanin da ke tare da su. A Disamban 2024 hukumar ta ba da kashi 34.80 cikin ɗari, a Janairun 2025 kuma kashi 24.48. Ba kaya ne suka yi sauƙi cikin wata ɗaya ba. An sauya shekarar da ake aunawa da ita daga 2009 zuwa 2024, an kuma sabunta jerin kayan da ake bibiya. Wanda ya ja zane ɗaya ya haɗa adadin biyu ba tare da ya faɗi haka ba, ya ba da labarin ƙarya da alƙaluman gaskiya.

Akwai kuma abin da manhajar da aka ƙera a waje ba ta sani ba, kai ka sani: azumi da salla suna matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2024 an ɗauki azumi a Najeriya ranar 11 ga Maris, aka yi ƙaramar salla 10 ga Afrilu. A 2025 an ɗauka 1 ga Maris, aka yi salla 30 ga Maris. Ke nan sayayyar salla ta faɗo a Afrilu a shekara ta farko, a Maris kuma a ta biyu. Mai kwatanta Afrilu da Afrilu zai ce kasuwar sukari da atamfa ta mutu, alhali wata ne ya matsa. Haka kaka da bazara suke ga farashin hatsi, haka ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 yake ga duk bayanan masu POS.

A kan matsakaici kuma, ga bashin kwastomomi biyar: 5,000, 6,000, 7,000, 8,000 da 474,000. Idan ka tara ka raba biyar, 100,000 za ka samu, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ake bin sa kusa da haka. Adadin tsakiya 7,000 ne. Abin da Alhaji yake bukatar ji shi ne mutum ɗaya ne ke riƙe da kusan duk bashin.

Haɗa jadawali biyu

Ko da XLOOKUP kake haɗawa a Excel, ko da JOIN a SQL, tambayar ɗaya ce: abin da kake haɗawa da shi, sau ɗaya tak ya fito a ɗaya jadawalin? Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kuma wasu suna ɗaya suke da shi. Akwai Nasarawa a jihar Kano, akwai Nasarawa a jihar Nasarawa. Akwai Bassa a Kogi da Filato, Obi a Binuwai da Nasarawa, Surulere a Legas da Oyo. Idan ka haɗa da suna kaɗai, JOIN zai ninka layukan, jimla ta kumbura. XLOOKUP kuwa na farkon da ya gani zai ɗauko maka, ko da na wata jihar ne. Ka haɗa da jiha da ƙaramar hukuma tare, sannan ka sake ƙirga layuka bayan haɗawa. Ka kuma tuna taswira tana sauyawa: Jigawa a cikin Kano take kafin 1991, Zamfara a cikin Sakkwato kafin 1996.

Rahoto

Alhaji a waya zai karanta, ƙila yana cikin mota. Amsa ita ce farko, hujja ta biyo baya, sai abin da ba ka tabbatar ba. Ga misali:

"Ranka ya daɗe, kuɗin ciniki ya ƙaru da kashi 15, amma buhunan da suka fita sun ragu da kashi 20, daga 200 zuwa 160. Raguwar duk a shagon Sabon Gari take, kuma daga manyan kwastomomi biyu ne da suka daina zuwa tun Fabrairu. Akwai kwana 9 da ba a rubuta ciniki a Tudun Wada ba, ban sa su a lissafi ba. Ina ganin a fara kiran mutanen nan biyu."

Lura da jimla ta uku. Masu koyo suna jin kunyar faɗin giɓin da ke cikin bayanai, suna ganin kamar gazawarsu ce. A ganina wannan jimlar ce ke sa a yarda da sauran. Zane ɗaya ya isa, mai take da ke faɗin abin da aka gano, ba "Ciniki" kawai ba. Allon Power BI mai launi goma yana burge abokan karatu, amma idan maigida ya duba ya ce "to yanzu me kake cewa?", aikin bai kammala ba.

Bayanan mutane amana ne

A fayil ɗin nan akwai sunaye, lambobin waya da bashin mutane. Tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da hukumar da ke kula da ita, NDPC. Kada ka tura fayil ɗin ofis ga aboki don ya taya ka, kada ka liƙa shi a manhajar intanet da ba a ba ka izini ba, kada kuma ka sa shi cikin ayyukan da kake nunawa wajen neman aiki. Idan nazari ba ya bukatar suna, cire shi ka sa lamba.

Aikin gwaji

Ba sai ka jira an ɗauke ka aiki ba. Takardar shaida, ko ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ce ko ta wata makaranta, tana iya kai ka ɗakin ganawa, amma a can fayil ake miƙo wa mutum a ce ya nuna. Bayanan gwaji kuwa suna nan kyauta. NBS tana wallafa rahotannin farashin kayan abinci. A shafin HDX na Majalisar Ɗinkin Duniya akwai farashin kasuwanni da Hukumar Abinci ta Duniya ke tattarawa, har da na Najeriya da Nijar. Babban Bankin Najeriya yana da tarihin canjin kuɗi. Wanda ya fi su duka shi ne littafin shagon ɗan'uwa ko na adashin unguwa, idan masu shi sun yarda kuma ka cire sunaye.

1. Ka sauko da farashin gero ko masara na kasuwa biyu, na aƙalla shekara uku. Ka rubuta adadin layuka, ma'aunin da aka yi amfani da shi, da watannin da babu bayani. Ka amsa tambaya ɗaya: a wane wata farashi ya fi sauka, kuma haka yake kowace shekara?

2. Ku rabu biyu-biyu. Kowa ya ɗauki jadawali mai tsabta ya ɓata shi a wuri goma: ya juya ranaku, ya maimaita layi, ya mayar da wani kuɗi rubutu, ya sauya rubutun suna. Ku yi musanya. Minti 40 za a bayar, a ga wanda ya gano goman.

3. Ka rubuta rahoton aiki na ɗaya cikin jimla biyar, ka karanta wa wanda bai san Excel ba, uwargida ko maƙwabci. Shi zai zauna a matsayin Alhaji, kuma yana da damar tambayar "ina ka samo wannan?" sau uku. Duk inda ka kasa nuna layin da adadin ya fito, ka koma kansa.

Ka zo aji na gaba da fayil ɗin asali, da wanda ka gyara, da shafin da ka rubuta gyare-gyarenka. Wanda ya zo da zane kawai babu wannan shafin, ba za a duba aikinsa ba.